Wa Ke da Alhakin Badalar Kano? Abin da Dokar Kayan Tarihi Ta Tanada

Duk lokacin da aka wayi gari an ga wani sashe na badalar Kano ya zube, ko an yanka fili a gindinta an kafa shaguna, sai jama'a su ɗora laifin a kan Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda ke riƙe da gidan adana kayan tarihi na Gidan Makama. Ƙorafin yana da tushe, amma kafin a yanke wa hukumar hukunci ya kamata a san irin ikon da doka ta ba ta da kuma wanda ta hana ta.

Hukumar ta samo asali ne daga doka mai lamba 77 ta shekarar 1979, wadda gwamnatin soja ta kafa domin maye gurbin dokar Turawan mulkin mallaka ta 1953. A ƙarƙashinta, idan hukumar ta ga wani gini ko wuri ya cancanci kariya, sai ta buga sanarwa a jaridar gwamnati, ta kuma sanar da mai wurin. Shi mai wurin, da duk wanda ke da haƙƙi a cikinsa, yana da damar rubuta ƙin amincewarsa a cikin wa'adin da aka ƙayyade, kafin a miƙa maganar ga shugaban ƙasa ya ayyana wurin a matsayin abin tarihi na ƙasa. A nan ne kusan duk ƙofar ƙorafi take. Da zarar an ayyana wuri, dokar ba ta wajabta wa hukumar ta zauna da mutanen unguwa kafin ta yi gyara ba, ba ta kuma shimfiɗa wata hanya ta musamman da ɗan gari zai bi ya ƙalubalanci yadda aka yi gyaran ba.

Wannan giɓi ne ke haifar da mafi yawan gardama. Ganuwar da tsohon littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta a ƙarni na goma sha biyu, gini ne na ƙasa, wanda ke bukatar yaɓe akai-akai, musamman bayan damina, kuma a da jama'ar gari ne ke fitowa su yi aikin a ƙarƙashin jagorancin masarauta da maginanta. Da kariya ta koma hannun gwamnatin tarayya, sai ya zama laifi ne mutum ya sauya wani abu a jikin ginin ba da izini ba, alhali ita hukumar ba ta da kuɗin da za ta riƙa yin yaɓen kowace shekara. Idan kuma aka tashi gyara da siminti da bulo, masana gine-ginen gargajiya suna da hujjar yin suka, domin siminti yana riƙe danshi a cikin ginin ƙasa har ya ci shi ta ciki, sannan abin da ake samu a ƙarshe sabon gini ne mai ɗauke da tsohon suna. Abin da ya faru da Ƙofar Na'isa ke nan, wadda aka rushe a 2010 domin faɗaɗa titi, aka sake gina wata a madadinta.

Rusa wannan ƙofa ya fito da matsala ta biyu fili, wato rabuwar iko. Tsarin mulkin 1999 ya bar wa tarayya kula da wuraren tarihin da aka ayyana na ƙasa, amma dokar mallakar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Saboda haka hukumar na iya cewa katangar tana ƙarƙashin kariyarta, yayin da takardar filin da ke manne da katangar ke fitowa daga ma'aikatar jiha. A ganina, mai ƙorafin da ya tsaya ga hukumar kaɗai ya bar rabin masu alhakin a gefe.

Hukuncin ma ba ya tsorata kowa. Wanda ya rusa ko ya ɓata wurin tarihi da gangan, tararsa Naira dubu ɗaya ce ko ninki biyu na darajar abin, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyun. Naira dubu kuɗi ne mai nauyi a 1979. Yau ba ta sayen buhun siminti, sannan wace kotu ce za ta iya yanka wa katanga mai shekaru ɗari tara farashi?

Duk da haka ɗan gari bai rasa abin yi ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba shi damar neman takardun kwangilar gyara daga hukumar, kuma wajibi ne a amsa masa cikin kwanaki 7. Yana iya kai koke ga kwamitocin al'adu na Majalisar Tarayya, ko ya nemi kotu ta dakatar da aikin da ya saɓa wa doka. Akwai kuma matsin lamba daga waje, domin tun 2007 badalar take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana fatan a sanya su cikin kayan tarihin duniya, matsayin da yankin Sukur na jihar Adamawa ya samu a 1999 da kurmin Osun na Osogbo a 2005, kuma ba a ba da shi sai an tabbatar cewa abin da ya rage na asali ne, yana kuma da tsarin kulawa a rubuce.