Koyar da Furucin Turanci

Koyar da furucin Turanci reshe ne na koyar da harshen ga waɗanda ba da shi suka tashi ba. Ya ƙunshi horar da kunne ya bambance sautuka, da horar da baki ya fitar da su yadda mai sauraro zai gane.

Tushen wahalar shi ne rubutun Turanci bai tafiya da furucinsa. Haruffa 26 ne, amma sautukan daidaitaccen karin Ingila sun kai 44: baƙaƙe 24, wasula 20. Saboda irin wannan matsala wasu malaman harsuna, ƙarƙashin jagorancin Paul Passy, suka kafa ƙungiya a Faris a 1886, wadda ta fitar da alamomin furuci na duniya a 1888, kowane sauti da alamarsa. Masanin furuci ɗan Ingila Daniel Jones ya wallafa ƙamus na furucin Turanci a 1917.

Kowane ɗalibi da harshensa na gida yake shigowa aji. Bahaushe ba ya raba p da f, kuma v takan koma masa b. Kalmomin aro sun isa shaida: fetur, fensir, direba. Hausa ba ta fara kalma da cunkoson baƙaƙe, sai ta cusa wasali a tsakani, shi ya sa bread ta zama burodi. Sai dai Bahaushe yana da jarin da malamai kan manta da shi, wato kunnensa ya riga ya san dogon wasali da gajere, kamar a fari da faari. Malamin da ya fara daga nan ya rage rabin aikin raba ship da sheep. Jera kalmomi biyu masu bambancin sauti ɗaya tak, ana maimaitawa, tsohuwar dabara ce da har yau take aiki. Danna gaɓa ɗaya ta kalma fiye da saura, yadda Turanci ke yi, kuwa sai an yi ta saurare.

A da, burin shi ne a kwaikwayi mutumin Ingila ko Amurka. A 2000 masaniyar harshe Jennifer Jenkins ta nuna cewa tsakanin waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, kuskuren furta sautin th bai cika hana fahimta ba, amma tsawon wasali da yawancin baƙaƙe suna hanawa. Wannan ra'ayi ya fi dacewa da aji mai cunkoso, inda lokaci ya yi ƙaranci.

A Najeriya, jarrabawar WAEC tana da takardar furuci, amma a rubuce ake amsa ta, ɗalibi yana zaɓen amsa ba tare da ya buɗe baki ba.