Haihuwa da Tsamin Zaman Aure a Ƙagaggun Labaran Zamani: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa marubutan wannan zamani suka karkata ga abin da ke faruwa bayan haihuwa?

Tsohon labarin soyayya yakan tsaya ne a ranar aure, ya bar mai karatu ya ɗauka cewa abin da ya rage jin daɗi ne zalla. Marubutan yanzu suna farawa daga inda wancan ya tsaya, domin rayuwar da suke bayyanawa ta sauya: matar da ke cikin labarin tana da sana'a da buri nata na kanta, ta kuma shiga auren ne bisa fahimtar cewa ita da mijinta za su raba nauyi daidai. Zuwan jariri shi ne yake fara gwada wannan fahimta. Masana zamantakewa sun riga marubutan lura da haka, domin tun a 1957 E. E. LeMasters ya kwatanta haihuwar fari da girgiza ga ma'aurata, a 1989 kuma Arlie Hochschild ta nuna a littafinta The Second Shift cewa mace mai aiki takan tashi daga ofis ta tarar da wani zagayen aiki yana jiran ta a gida. Bincike yakan auna yawan masu wannan kuka, shi kuwa labari yakan shiga ɗakin da ƙarfe uku na dare ya ji abin da aka faɗa da abin da aka haɗiye.

Shin waɗannan labarai suna ɗora laifin a kan yaron ne?

Masu kyau daga cikinsu ba sa yin haka, ko da yake a kallon farko za a zaci haka suke yi. A The Fifth Child na Doris Lessing, wanda ya fito a 1988 ya share fage ga na bayansa, Harriet da David suna da 'ya'ya huɗu da babban gida mai cika da dangi, har aka haifi Ben, yaron da babu mai iya sarrafa shi. An kai shi wani gidan tsare irin waɗannan yara, amma uwar ta kasa jurewa ta je ta ɗauko shi, daga nan gidan ya fara watsewa. Wanda ya karanta a natse zai ga cewa rigimar ta tashi daga kan Ben ta koma kan tambayar da ma'auratan ba su taɓa yi wa juna ba: idan ceton ɗa guda zai rusa zaman sauran, wa zai yanke hukunci? Haka abin yake a We Need to Talk About Kevin na Lionel Shriver, na 2003, inda Eva take ganin alamun mugunta a ɗanta, mijinta Franklin kuwa yana ganin yaro ne kamar kowa, har ya fara zargin ita ce ba ta ƙaunarsa. Abin da ya cinye auren shi ne kowannensu ya daina amincewa da idon ɗan'uwansa.

To a ina ne tsamin yake fara bayyana?

A ƙananan abubuwa, kuma a nan ne marubutan suka fi nuna gwaninta. Akwai wani yanayi da yake yawan dawowa a irin waɗannan labarai: jariri ya fara kuka cikin dare, mutum biyu suna kwance ido rufe, kowa ya san ɗayan ba barci yake ba, kowa yana ƙirga sau nawa ya tashi jiya. Daga ƙarshe ɗaya ya yaye bargo ya tashi ba tare da ya ce uffan ba, amma ya rubuta wannan a littafin bashin da yake riƙe da shi a zuci. Da safe mijin zai ce, "Ai da kin tashe ni," matar kuma ta amsa, "Ba komai," alhali kuwa da komai.

Wannan lissafi na ɓoye, a ganina, shi ne zuciyar batun. Mutum biyu da a da suke ba juna lokaci kyauta sun koma suna ciniki a kan barci, da awa guda ta hutu, da wanda aikinsa zai jira idan yaro ya tashi da zazzaɓi. Hirarsu ta zama ta miƙa aiki kawai: an ba shi magani, kayansa sun ƙare, wa zai ɗauko shi. Ba a cika samun babban faɗa ba, sai dai mai karatu ya waiwaya ya ga an yi shafi talatin ba su kira juna da suna ba.

Ta yaya salon rubutun kansa yake ɗaukar wannan nauyi?

Misali mafi kyau shi ne Dept. of Speculation na Jenny Offill, na 2014. An rubuta shi a guntaye, kamar tunanin mutumin da ake katse shi kowane minti, wanda kuwa haka rayuwar mai jego take. Mai ba da labarin marubuciya ce da ta fitar da littafi guda ta kasa kammala na biyu. A farko tana cewa "ni", tana kiran mijinta "kai", amma da auren ya tsage bayan ya nemi wata, sai ta koma cewa "matar" da "mijin", kamar tana ba da labarin wasu baƙi. Nahawu kaɗai ya isa ya nuna tazarar.

Taffy Brodesser-Akner ta bi wata hanya a Fleishman Is in Trouble, na 2019. Mafi yawan littafin yana tare da Toby, likitan hanta wanda matar da suke rabuwa da ita, Rachel, ta ajiye masa yara biyu da asuba ta ɓace. Mai karatu yana gama yanke mata hukunci sai a juya labarin, a nuna wulaƙancin da ta sha a hannun likita ranar haihuwarta ta fari, da damuwar da ta biyo baya, da nauyin ciyar da gidan da yake a wuyanta. Dabarar tana sa mai karatu ya kama kansa yana aikata irin laifin mijin, wato jin bayanin ɓangare guda.

Ina muryar maza a ciki?

Tana nan, sai dai ba ta kai ta mata yawa ba. Karl Ove Knausgaard, a kashi na biyu na My Struggle da ya fito a 2009, ya bayyana kansa yana tura keken jariri a titunan Stockholm, yana son 'ya'yansa amma yana jin haushin lokacin rubutun da suke cinyewa. Gaskiyarsa abin yabo ce, ko da yake da mace ce ta rubuta haka da an fi tsananta mata, kamar yadda aka yi wa Rachel Cusk kan littafin tarihin jegonta, A Life's Work, na 2001.

Idan haihuwar ce ta ƙi zuwa fa?

Ɗan da ba a haifa ba ma yana iya zama tsakanin mata da miji. A Stay With Me na Ayobami Adebayo, na 2017, Yejide da Akin sun shekara huɗu babu ciki, dangi suka kawo kishiya. Da 'ya'yan suka zo sai cutar sikila ta biyo su, ga kuma wani sirri da mijin ya binne tun farkon auren. Da yake su biyun ne suke karɓa-karɓa wajen ba da labarin, mai karatu yana ganin yadda kowannensu yake ɓoye wa ɗayan abin da ya fi kamata ya sani, yana kuma kiran ɓoyewar ƙauna.

Akwai abin da ake kushe wa wannan nau'in labarai?

Akwai, kuma kushen yana da tushe. Da yawansu labaran masu ilimi ne mazauna manyan birane, waɗanda babban rashinsu shi ne lokacin rubutu ko ƙarin girma a wurin aiki, yayin da matar da take rainon 'ya'yansu takan wuce kamar inuwa. Leïla Slimani ta juya wannan a Chanson douce, wanda ya ci kyautar Goncourt ta Faransa a 2016. Myriam ta koma aikin lauya, ita da mijinta Paul suka ɗauki Louise raino, nan da nan gidan ya daidaita kuma aurensu ya samu sarari. Sai dai sararin a kan Louise aka gina shi, macen da bashi ya yi wa katutu, wadda 'yarta ta cikinta ta bar ta, kuma ma'auratan ba su damu su san inda take kwana ba. Littafin ya buɗe ne da mutuwar jaririn ma'auratan, sannan ya koma baya ya bi ranakun ɗaya bayan ɗaya.