Ƙiyasta kuɗin bindigar tunawa mai liba ta hannu

Bindigar tunawa doguwar bindiga ce da kamfanonin ƙera makamai na Amurka suke fitarwa da ado na musamman domin tuna wani mutum, ko wata jiha, ko cikar shekarun wani abin tarihi. Ana ce mata mai liba saboda wani hannun ƙarfe da ke ƙarƙashin kunama. In an ja shi ƙasa sai ya tofar da kwanson harsashi, in an mayar da shi sai ya ɗora sabo. Mafi yawan irin waɗannan bindigogi da ke yawo a kasuwa ƙirar kamfanin Winchester ce, samfurin 1894, wanda John Moses Browning ya tsara, aka kuma ƙera fiye da miliyan bakwai. Masana'antar da ta fi ƙera su tana birnin New Haven a jihar Konetikat, kuma an rufe ta a 2006.

Tarihi da yawan da aka ƙera

Winchester ta fara wannan sana'a a 1964 da bindigar cikar jihar Wayomin shekara 75, guda 1,500 da 'yan kai kawai. Da kamfanin ya ga kasuwa ta karɓa sai ya buɗe hannu. A 1966 ya fitar da Centennial '66 domin cikarsa shekara 100, mai ruwan zinare a jiki da bututu mai kusurwa takwas, aka ƙera sama da 100,000. A 1967 aka yi ta cikar Kanada shekara 100, wajen 90,000. Ta Buffalo Bill, shahararren maharbin yammacin Amurka, a 1968 ita ma ta haura 100,000. Ta Golden Spike, wadda ke tuna haɗuwar layin dogon gabas da na yamma a jihar Yuta a 1869, ta fito a 1969, kusan 70,000. Ta ɗan wasan fim John Wayne ta fito a 1981, shekara biyu bayan rasuwarsa, wajen 49,000.

Waɗannan alkaluma su ne tushen ƙiyasi gaba ɗaya. Mutane da yawa sun sayi bindigogin ne da niyyar ajiya, suna ganin jari ne da zai haihu. Suka tura su ƙarƙashin gado ko saman durowa cikin kwalinsu, ba su taɓa harbawa ba. Abin da ya biyo baya shi ne bayan shekara hamsin sabbi fil sun cika kasuwa. Abu ba ya tsada don an rubuta masa "na tunawa" a jiki; yana tsada ne in masu nema sun fi abin yawa. Shi ya sa ta Wayomin, ko ta Alaska ta 1967 wadda ita ma ba ta wuce 1,500 da kaɗan ba, suke da wani matsayi daban da na Buffalo Bill, ko da kuwa adon ta Buffalo Bill ya fi ɗaukar ido. An sayar da Centennial '66 a kan dala 125 lokacin da ta fito, kuɗin da a darajar yau ya haura dala 1,000, kuma sau da yawa wadda aka yi amfani da ita ba ta kai nan a kasuwa.

Halin da bindigar take ciki

A nan ne magada suka fi shan mamaki. Masu tara bindigogin tunawa suna son wadda take yadda ta bar masana'anta: ba a harba ba, ba a ja libar ba, tana cikin kwalinta na asali da rigar kwalin mai zane, da takardunta, da ɗan katin da ke rataye a jikinta. Lambar da ke gefen kwalin dole ta yi daidai da wadda aka buga a jikin bindigar. Kwali na wata bindiga daban, ko da samfurin ɗaya ne, ba ya cike gurbin. Kowace bindiga an gwada ta da harsashi a masana'anta, don haka in an ce ba a harba ba, ana nufin tun bayan fitowarta.

Mai saye da ya san aikinsa ba ya tambayar mai kaya ko an harba, dubawa yake yi. Zai juya ta wajen haske ya kalli 'yar ƙofar da ake tura harsashi a gefen dama, domin bakin harsashi yakan bar mata siririn layi mai ƙyalli. Zai kalli saman guduma, wato ƙarfen da ke bugawa ya tayar da harsashi, inda ƙarfen da ke komawa baya yake gogarta duk lokacin da aka ja liba. Zai leƙa cikin bututu ya nemi baƙin hayaƙin albarushi, ya shafa ƙotar katako, wato gindin da ake dafawa a kafaɗa, ya ji ko akwai lotsawa. Ko yaro ne ya riƙa jan libar yana wasa shekaru da suka wuce, alamar tana nan.

Da zarar an tabbatar an yi amfani da ita, masu tarawa sukan janye, sai ta koma hannun maharba. Daga nan ana auna ta ne da sauran samfurin 1894 na zamaninta marasa ado, a ɗan ƙara wani abu in tana da kyau. Wannan faɗuwar ba kaɗan-kaɗan take zuwa ba. Tsakanin wadda ba a taɓa ba da wadda aka harba sau biyar akwai rata babba, amma tsakanin wadda aka harba sau biyar da wadda aka harba sau ɗari biyu ratar ba ta da yawa.

Akwai kuma matsalar ƙarfen kanta. A 1964 Winchester ta sauya hanyar ƙira domin rage kuɗin aiki, ta koma wani irin ƙarfe a gangar jikin bindigar wanda ba ya karɓar baƙin rini na gargajiya yadda ya kamata. Kusan duk bindigogin tunawa na shekarun 1960 da 1970 daga wannan zamanin suke. Ruwan zinare ko na azurfa da aka yi musu siriri ne, gumin hannu yana cinsa, kuma in ya fara ɓarewa gyaransa yana da wuya. Wanda ya kai ta aka sake mata ruwa, ko ya goge ta da man goge ƙarfe don ta yi sheƙi kafin sayarwa, ya rage mata kuɗi da hannunsa. Haka wanda ya huda jikinta don ɗaura madubin hange, ko ya yanke ƙota ya sa mata roba. Ajiya cikin kwali ma ba kariya ba ce in ɗakin yana da laima. Akan buɗe kwalin da ya shekara arba'in a rufe a tarar da ɗigon tsatsa a gefen da bindigar ta kwanta.

Sai dai bindigar da ta fita daga sahun tarawa ba ta zama banza ba. Mai amfani da harsashi nau'in .30-30 tana da masu so, domin tun 1895 ake farautar barewa da wannan harsashi a Amurka kuma ana samunsa a ko'ina. Doguwar Centennial '66 mai bututu inci 26 tana burge masu harbin gwaji. Ta John Wayne kuwa harsashinta .32-40 ne, tsohon nau'i mai wuyar samu, amma sunan mutumin yana riƙe mata kasuwa fiye da yawancin takwarorinta, har kwalayen harsashin da aka fitar da sunansa ana nema.

Yadda ake fitar da adadi

Mataki na farko shi ne gane ainihin samfurin da shekararsa, daga rubutun da ke kan bututu da tambarin ƙarfen da akan dasa a ƙota. Bayan nan a duba littattafan farashi irin su Blue Book of Gun Values, wanda ke auna bindiga da kashi cikin ɗari na asalin rininta da ya rage. Adadin da irin waɗannan littattafai suke bai wa bindigar tunawa galibi na sabuwa ce cikin kwali, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ɗauki wannan adadin ya ɗora wa tasa da ta sha daji.

Abin dogaro shi ne kuɗin da aka sallama, ba wanda mai kaya ya yanka ba. A shafin intanet na cinikin bindigogi GunBroker akan ga bindiga ta yi watanni da farashi mai tsada ba wanda ya taya. Sakamakon gwanjon da aka kammala, a can ko a gidajen gwanjo irin su Rock Island, shi ke nuna abin da mutane suka cire daga aljihu. A nemi guda biyar ko shida na kwanan nan masu hali irin na wadda ake ƙiyastawa, a ajiye mafi tsada da mafi araha gefe, a dubi tsakiya. Ƙaramar lambar jiki, ko bindiga doguwa da gajeruwa na samfuri ɗaya masu lambobi a jere, suna iya ƙara wani abu.

Daga wannan adadin sai a cire abin da hanya za ta ci. Gidan gwanjo yana karɓar la'ada. Mai shagon bindigogi zai taya ƙasa da kuɗin kasuwa sosai, tunda shi ma riba zai nema kuma kayan na iya daɗewa a rataye. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta wajabta cewa in mai saye yana wata jiha, sai an bi ta hannun mai lasisin tarayya, kuma dillali yana cajin kuɗin wannan aiki, ga kuɗin aikawa da inshora. Bindigar da ta cika shekara 50 tana shiga rukunin kayan tarihi a dokar Amurka, wanda ke ba masu lasisin tarawa damar karɓarta kai tsaye daga wata jiha, kuma duk na shekarun 1960 sun riga sun shiga wannan rukuni.