Kalmomin Turanci na Tsananin Mamaki: Tambayoyi da Amsoshi

Shin "surprised" ba ta isa ba ne?

Ta isa idan abin ƙarami ne, kamar baƙo ya iso kafin lokacin da aka sa rai. Amma idan mamakin ya kai mutum ya saki baki, to kalmar ta yi rauni. Nan ne ake ɗauko "amazed", "astonished" ko "astounded". Ta ukun ta fi sauran nauyi.

Mene ne ya bambanta su da "shocked"?

Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. "Amazed" ta fi zuwa ne da abin sha'awa, wato al'ajabi mai daɗi: yaro ya haddace abin da manya suka kasa. "Shocked" kuwa kaɗuwa ce, kuma galibi kan mummunan labari ne, kamar rasuwa ko haɗari. Duk wanda ya rubuta cewa ya yi "amazed" da jin rasuwar maƙwabcinsa, mai karatu zai ɗauka abin ya burge shi ne. "Stunned" na iya zuwa ta kowane ɓangare. Ma'anarta mutum ya daskare na ɗan lokaci. "Startled" kuma firgita ce ta farat ɗaya, kamar ƙofa ta buga da ƙarfi, ba ta da alaƙa da zurfin mamaki.

Idan mutum ya rasa ta cewa fa?

Sai a ce "dumbfounded" ko "speechless". Akwai kuma "flabbergasted", wadda ta fi dacewa da hira, da "gobsmacked" ta mutanen Birtaniya, wadda "gob" a cikinta ke nufin baki a yaren titi. Waɗannan biyun kada a sa su a wasiƙar neman aiki ko rubutun jarabawar WAEC da ke buƙatar harshe na hukuma. "Astonished" ta fi aminci a wurin.

Za a iya cewa "very astonished"?

Kunnen mai jin Turanci ba ya son haka, domin kalmar ta riga ta kai ƙololuwa. Ana cewa "very surprised", amma ga masu ƙarfin sai a yi amfani da "absolutely", "utterly" ko "completely": "I was absolutely astonished". Bayan kalmar kuma "at" ko "by" ke biyo baya, ba "with" ba.

Wane kuskure ne ya fi yawa?

Cakuɗa ƙarshen "-ed" da "-ing". Mai jin mamakin shi ke ɗaukar "-ed", abin da ya jawo mamakin shi ke ɗaukar "-ing". Wanda ya ce "I am amazing" yabon kansa ya yi, cewa shi abin al'ajabi ne. Abin da yake nufi shi ne "I am amazed", labarin kuma "amazing".