Kafin ki cika cikin kabewa ki gasa, uwargida

Da zarar Oktoba da Nuwamba sun kama, wayoyinmu kan cika da bidiyon wani girki na ƙasashen waje. A yanke saman kabewa a ajiye, a kwashe 'ya'yan, a ɗura shinkafa da nama da albasa, a mayar da saman a rufe, a gasa, a kawo ta gaban baƙi sukutum. Idan an gama da ita sai a biyo da kek ɗin cakulan mai ƙamshin lemo. A Amurka lokacin girbin kabewarsu ke nan, ga kuma bikin godiya da suke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Mutanen Armeniya ma suna da tasu mai suna ghapama, wadda ake cikawa da shinkafa da busassun 'ya'yan itace da zuma a bukukuwan ƙarshen shekara.

Lokacin ya zo daidai da kakarmu, ga kabewa nan jibge a kasuwa. Shi ya sa a ranakun awo da rigakafi mata kan nuna mini wayarsu su ce, "Malama, wannan za ta yiwu a gidanmu?" Za ta yiwu, kuma ina so ku gwada. Dalilina ba ƙawa ba ne. Mun daɗe muna taƙaita kabewa a miyar taushe da fate, sai ta narke a tukunya, abin da ke isa cikin yaro ɗan kaɗan ne. A wannan girkin kuwa tsokarta ake yankowa a ci.

Launin nan na ruwan goro da ke cikin kabewa shi ne amfaninta. Jiki na mayar da shi sinadarin bitamin A, wanda ke kare ido da ƙarfafa garkuwar jiki. Yaron da ya rasa shi yakan fara da dundumi, magariba na yi ya dinga laluben hanya yana tuntuɓe, kuma idan ƙyanda ko gudawa ta same shi takan yi masa mummunan kamu. Don haka in za ki saya, ki ce mai kabewa ya nuna miki wadda ya yanka, ki zaɓi mai jan ciki sosai, ki bar mai fari-fari. Sannan dole a haɗa da maiƙo, domin hanji ba ya tsotse sinadarin yadda ya kamata sai da mai. Cokali ɗaya ko biyu na man gyaɗa ko manja a cikin haɗin ya wadatar. Wannan ba zai hana ki kai yaro karɓar ɗigon bitamin A ba: shuɗin ƙwanso ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar, duk bayan wata shida.

Inda nake da magana da masu bidiyon shi ne ɗanyen nama. Wasu za ki ga sun zuba niƙaƙƙen nama ɗanye da ɗanyar shinkafa sun rufe. Su suna da obin mai tsayayyen zafi, da ɗan ma'aunin da ake sokawa a tsakiyar abinci. Mu kuwa yawancinmu babbar tukunya ce da yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, ko obin ɗin da wuta kan ɗauke ana tsakiyar aiki. Kabewa na da kaurin jiki, zafi na daɗewa kafin ya ratsa zuwa tsakiya. Sai bayanta ya yi baƙi, tsokar ta yi laushi, alhali naman can ciki ɗumi kawai ya ji. Niƙaƙƙen nama kuma ya fi tsoka haɗari, don injin niƙa ya riga ya cakuɗa ƙwayoyin cutar da ke samansa da ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abinci ya kai maki 70 na zafi har cikinsa kafin a ce ya dahu. Tunda ba mu da abin awo, mafita ɗaya ce: ki soya namanki da albasa da attaruhu har jan ya ɓace gaba ɗaya, ki tafasa shinkafar ta kusa nuna, ki haɗa su, ki ɗura da zafinsu, ki sa a wuta nan take. Kada ki cika ta da safe ki ce sai la'asar za ki gasa. Madaidaiciyar kabewa kan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan wuƙa ta shige ba gardama, kuma kin ɗaga murfin tururi ya taso daga tsakiya, ta yi. Ki wanke bayanta kafin ki sa wuƙa, a ƙasa ta kwanta tun daga gona. Wadda ba ta da halin nama ta sa dafaffen wake, ba ta yi asarar komai ba.

Sai batun saura. Dafaffiyar shinkafa na ɗauke da wata ƙwayar cuta da tafasa ba ta kashe irinta. In aka bar ta da ɗumi-ɗumi sai ta hayayyafa ta saki guba, kuma ɗumame ba ya karya wannan gubar. Kabewar da aka mayar wa murfi kuwa riƙe ɗumin take yi har dare. Ka'ida ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a waje. Ki kwashe sauran ki baza a faranti ya huce ki sa a firji. In babu tabbacin wuta, ki miƙa wa maƙwabta tun da zafinsa, kin samu lada.

'Ya'yan da kika kwashe kada su tafi bola. A wanke, a shanya, a soya sama-sama, a daka a zuba a miya ko kunun yara, suna da sinadarin ƙarfe da zink. Amma kada a ba ƙaramin yaro su a tsaye, yana iya shaƙewa. Mai son gwada irin ta Armeniya kuma ta tuna ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma.

Kek ɗin kuma ba zan ce kada ki yi ba, na san ba za a ji ni ba, ni ma ina ci ranar Sallah. Ki dai nemi garin koko zalla, ba na gwangwanin shayi ba, wanda an riga an cika shi da sukari. Ki wanke lemon zaƙi sosai, ki goga saman ɓawon kawai, ki tsaya kafin ki kai farin don ɗaci gare shi, ki matse ruwan a cikin kwaɓin. Ƙamshin nan zai ba ki damar rage kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin da aka rubuta, kek ɗin zai tashi lafiya. Adon bota da sukarin da ake laftawa a sama ki bar shi.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da babban mutum ke sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ma da hali a tsaya a shida. Kwalbar lemon kwalba mai santilita 35 kaɗai na ɗauke da kusan cokali 9, don haka ranar da aka yanka kek a sha da ruwa ko zoɓo marar sukari. Na san wata za ta ce ai sukarin Najeriya ma akwai bitamin A a ciki, tunda doka ta wajabta ƙara shi a sukari da fulawa da man girki tun 2002. Gaskiya ne, amma haƙoran yaro ba su san da wannan dokar ba. Wanda bai kai shekara biyu ba kada a ba shi kek ko kaɗan. Ki ɗebo masa tsokar kabewar, ki dame da cokali, ki ɗiga mai, daga wata shida zuwa sama zai iya ci.