Birki yau lafiya, gobe ya nutse: tambayoyi da amsoshi kan fedal mai wasa

Matsalar birkin da ta fi wahalar da bakanike ita ce mai zuwa ta tafi. Mai mota a Zariya ya taka a Kwangila fedal ya tafi ƙasa, kafin ya isa gareji a Sabon Gari ya dawo daidai, a taka a ce masa, "Alhaji, ai birkinka lafiya lau." Ba lafiya ba ne. Birki ba ya warkewa da kansa, yanayin da ke tayar da matsalar ne ya wuce, kuma wannan yanayin shi ke nuna kayan da ya lalace.

Me zan lura da shi kafin in kai motar gareji?

Yadda fedal ya yi, da lokacin da ya yi. Nutsewa ya yi a hankali, laushi ya yi, tauri ya yi, ko rawa ya yi a ƙarƙashin ƙafa? Da safe ne mota na sanyi, ko bayan doguwar tafiya? Kana tsaye ne, ko bayan ka sha kwana? Da ka sake takawa ya cika? Sannan ka buɗe bonet ka duba man birki, ya kasance tsakanin alamar sama da ta ƙasa a jikin kofinsa. Wanda ya je da wannan bayani ya rage wa bakanike rabin aiki, ya kuma tsira daga sauya kaya da ka.

Ina tsaye a cunkoso, ƙafata a kan birki, sai fedal ya riƙa nutsewa a hankali. In na taka da ƙarfi kuma ya tsaya cak. Mene ne?

Wannan alamar masta ce, wato silindar da ke tura man birki zuwa tayoyi idan an taka fedal. A cikin masta akwai fistin guda 2, kowanne da roba mai siffar kofi. Idan ka taka da ƙarfi, matsin mai yakan buɗe bakin robar ya manne da bangon silinda, sai ta riƙe. Idan takun mai sauƙi ne, kamar na mai jira a shataletalen PZ, robar da ta cinye ba ta mannewa, sai mai ya sulale ta gefenta ya koma baya. Shi ya sa ba ka ganin yoyo ko ɗigo, man ma ba ya raguwa. Shi ya sa kuma bakanike ba ya kama matsalar, domin shi da ƙarfi yake takawa.

Gwajin ba wuya. Kunna inji a fili mai lebur, ɗora ƙafa da matsakaicin nauyi, ka riƙe daƙiƙa 30 zuwa minti 1. Maimaita sau da yawa, musamman bayan mota ta ɗau zafi. Ko sau ɗaya ya nutse, alhali babu yoyo a ko'ina, a zargi masta.

Ana sayar da robobin daban, amma kafin a sa su a leƙa cikin silindar da fitila. In akwai tsatsa ko zane a bangon, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, a sauya mastar gaba ɗaya. Kuma a fitar mata da iska tun tana hannu, kafin a ɗaura ta.

Man yana raguwa, amma ba a ga inda yake zuba ba.

Raguwa kaɗan cikin watanni ba komai, fad ne ke cinyewa, wato takalmin da ke matse dis, faifan ƙarfen da ke juyawa da taya, mai na bin fistin ɗin kalifa, ƙarfen da ke riƙe da fad ɗin. Amma in kana ƙari kowane mako, akwai yoyo. A cire diram na baya, wato gangar ƙarfen birkin tayar baya, a ɗaga robar ƙaramar silindar taya, a nan yake ɓuya. A kwance masta daga jikin busta, tulun da ke ƙara wa takunka ƙarfi, a duba bayanta, domin tana iya zubar da mai cikin busta ba a gani. A bi fayif na ƙarfe har baya, musamman a motocin kwatano da suka fito daga ƙasashe masu ƙanƙara, inda gishirin da ake watsa wa titi ke cin ƙarfe.

Takun farko ya tafi ƙasa, na biyu ya cika. Kuma ba kullum ba.

Idan bayan kwana ko bayan hanya mai ramuka yake yi, a duba boris ɗin taya, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Boris mai wasa yakan bar dis ya karkata, ya tura fad da fistin baya. Takun farko a cike wannan giɓin yake ƙarewa, na biyu ne ke kamawa. A ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Dis ɗin da ya lanƙwashe ma yana yin haka, sai dai shi yakan haɗa da rawar sitiyari.

A motoci masu diram a baya, laini, wato takalmin da ke cikin diram, in ya yi nisa da diram yakan jawo irin wannan. Ja hanbirki kaɗan ka taka fedal. In ya hau sama, baya ne ke buƙatar seti.

Da safe garau, sai an yi tafiya mai nisa ya yi laushi. Bayan mota ta huce ya dawo.

Man birki ne ke tafasa. Mai ba ya matsuwa, amma tururi yana matsuwa, sai fedal ya tafi a banza. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. To amma man birki yana shan danshin iska, kuma damina a Zariya wata biyar ce ko fiye. Idan ruwan cikinsa ya kusa kashi 4 cikin 100, DOT 3 yakan sauko 140, DOT 4 kuma 155. Shi ya sa ake sauya shi duk shekara 2, ba a jira ya yi baƙi. Lita 1 ta ishi ƙaramar mota.

Sai dai kada a tsaya a sauya mai, a tambayi inda zafin ya fito. Mai saukowa daga Jos da kaya niƙi-niƙi, ƙafa a kan birki duk gangaren, ya san nasa dalilin, maganinsa ƙaramin giya. Amma hanyar Kaduna ko ta Kano ba ta da gangaren da zai tafasa mai. In ya faru a can, wata taya ce ke riƙe. Tsaya ka kusantar da hannu ga kowane rim, ba tare da taɓa dis ba. Wanda ya fi sauran zafi, ko yake warin ƙuna, shi ne.

Abu uku ke riƙe taya. Fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai ya bushe, ƙurar hunturu da ruwan damina sun shiga ta yagaggiyar roba. Ko fistin ya yi tsatsa. Ko tiyon roba ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya tafi ba ya barinsa ya dawo, alhali daga waje lafiya yake. A ɗaga tayar, a taka birki a saki, a sassauta nifil, ƙaramin notin fitar da iska da ke jikin kalifa. Idan mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take, matsi ne ya maƙale, a zargi tiyo. Idan ba ta saki ba, kalifa ce. In kuwa tayoyin gaba duka suna riƙewa, a duba wasan fedal. Ya kamata ya motsa 'yan milimita kafin ya fara tura masta, in babu wannan wasan mai ba ya samun hanyar komawa kofi.

Fedal ɗina tauri yake yi wani lokaci, sai na danna da dukkan ƙarfina.

Wannan ba mai ba ne, busta ce, wadda ke aiki da zuƙar iskar inji. Kashe inji, taka fedal sau 5 ko 6 har ya yi tauri, riƙe shi, sannan ka kunna. Ya kamata ya ɗan sauka. In bai sauka ba, a bi tiyon da ya taso daga inji zuwa busta, yakan tsage a bakinsa, tsagar ta buɗe sai inji ya motsa. Akwai kuma ƙaramin bawul a kan tiyon. Bayan kashe inji da minti ɗaya, ya kamata ka samu taku 2 ko 3 masu laushi. In tun takun farko ya yi tauri, bawul ɗin ko bustar na zubar da iska. Motar dizal famfo gare ta na musamman, a haɗa da shi.

In na zo tsayawa a hankali, fedal na rawa da gurnani, motar ta ƙi tsayawa da wuri.

ABS ne, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, ke shiga ba a kira shi ba. Sensar wata taya ta yi datti, ko wayarta ta kusa tsinkewa, ko zoben haƙoran da take karantawa ya fashe, sai kwamfuta ta ɗauka tayar na ja. Ba dole fitila ta kama ba. A sa na'ura a kalli gudun tayoyi 4 ana tafiya a hankali, wadda lambarta ke faɗuwa ita ce. Cire fitilar ABS daga dashbod, kamar yadda ake yi wa wasu motocin sayarwa, ɓoye ciwo ne kawai.

An fitar da iska sau biyu, har yanzu da laushi.

Duba nifil, dole ya kasance a saman kalifa. In an musanya ta dama da ta hagu zai koma ƙasa, iskar kuwa ba za ta taɓa fita ba. A yawancin motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta, kuma kada a bar kofi ya bushe ana cikin aiki. A tsohuwar masta a sa katako a ƙarƙashin fedal, don kada yaron shago ya kai shi har ƙasa robar ta bi ta kan tsatsa ta yage. Idan iska ta shiga akwatin ABS, wasu motocin sai an sa na'ura ta buɗe bawul-bawul ɗinsa.

Man birki ya ƙare a hanya, me zan zuba?

Man birki kawai, irin wanda aka rubuta a murfin kofi, daga gwangwanin da ba a buɗe ba. DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa, DOT 5 ba ya haɗuwa da su. Man inji ko man giya kan kumbura kowace roba da ke layin, ruwan sabulu kuma a digiri 100 yake tafasa, ya bar tsatsa. Toshe fayif ɗin tayar da ke yoyo da ƙusa shi ma ganganci ne, motar za ta fizge gefe ɗaya ranar da aka taka da gaggawa.

In fedal ya tafi ina cikin gudu fa?

Saki ka sake takawa da sauri, sau da yawa. Layin birki biyu ne, sau tari ɗaya yana nan, sai dai can ƙasa yake kamawa, don haka ka danna har ƙarshe. Sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. Ja hanbirki a hankali, yatsa a kan maɓallinsa, don ka iya saki in baya ta fara ja. Kada ka kashe inji sai ka tsaya, domin busta da sitiyari da shi suke aiki. In ka tsaya, ko fedal ya dawo daidai, a kira bakanike ya same ka a wurin, ko a ɗauko motar.