Ƙananan zunubai na yau da kullum a rayuwar Kirista

Ƙananan zunubai na yau da kullum, wasu kuma su ce ɓoyayyun zunubai, su ne laifuffukan da Kirista yake yi kusan kullum amma ba ya sa su a lissafin zunubi, ko don ya saba da su, ko don kowa a kusa da shi ma yana yi, ko kuma don ya san babu wanda zai kira shi gaban dattawan ikilisiya a kansu. Gulma, gunaguni, hassada, girman kai, 'yar ƙaryar waya, riƙe mutum a zuci, cin bashi ba niyyar biya, nuna bambancin ƙabila, duk suna ciki.

A Kaduna, a majami'un da ake sujada da Hausa irin su ECWA, HEKAN, Baftis da Angilikan, tun daga Sabon Tasha da Narayi har Wusasa, an san abin da ake kira horo. Yarinya ta yi ciki ba aure, ko magidanci ya ƙara mata, ko an ga mamba yana tangaɗi da giya, to dattawa za su zauna, a sanar a gaban jama'a, a hana mutum cin Jibin Ubangiji na wani lokaci. Amma da wuya ka ji an sa wani ƙarƙashin horo don ya raba kan mawaƙa da bakinsa, ko don shekara biyu ba ya gaisawa da ƙanensa. Horo yana kama abin da ido ya gani ne kawai, sauran kuwa sai su yi ta girma hankali kwance, har mai yinsu ya zama dattijo.

Tushen maganar a Littafi Mai Tsarki

Tun a Tsohon Alkawari an raba laifin ganganci da na kuskure. Littafin Firistoci sura 4 ya tanadi hadaya domin zunubin da mutum ya yi ba da saninsa ba, Littafin Ƙidaya 15:27-31 kuma ya bambanta shi da wanda aka yi da gangan. Abin lura dai shi ne, na kuskuren ma sai an yi masa hadaya, ba a ce a bar shi tunda bai sani ba. A Zabura 19:12 Dauda ya roƙi Allah ya tsarkake shi daga laifofin da suke ɓoye masa shi kansa.

Karin Magana 6:16-19 ta lissafa abubuwa bakwai da Ubangiji yake ƙi, kuma na farko shi ne kallon girman kai, sannan harshe mai ƙarya, da mai shuka husuma tsakanin 'yan'uwa, duk a layi ɗaya da zub da jinin marar laifi. Haka Bulus ya yi a Galatiyawa 5:19-21, ya jera kishi da fushi da tsattsaguwa tare da sihiri da buguwa, bai ware musu wani shafi dabam ba. Yesu kuma a Matiyu 5 ya kai maganar kisankai har kan fushi da zagi, ya kai ta zina har kan kallo. A Matiyu 23:23-24 ya tsauta wa Farisiyawa da suke fitar da zakkar ganyayen miya amma sun bar gaskiya da jinƙai da aminci, ya ce suna tace sauro suna haɗiye raƙumi. Yakubu 4:17 ya ƙara wani ɓangare da mutane suke mantawa, wato wanda ya san abin kirki bai yi ba, shi ma zunubi ne a gare shi.

Yadda ikilisiya ta kalli abin a tarihi

Wani mai zaman kaɗaici a hamadar Masar, Ebagiriyus na Fontus wanda ya rasu a 399, shi ne ya tsara mugayen tunani guda takwas da suke damun mai neman Allah: haɗamar ci, sha'awa, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, kasalar ruhu, neman yabo da girman kai. Wani sufi, Yohanna Kasiyan, ya kai koyarwar Turai, daga baya Fafaroma Giregori Babba, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ya sake tsara su suka zama bakwai, ya shigar da hassada ciki. Idan ka duba jerin da kyau za ka ga babu kisa babu sata a ciki, saiwoyi ne suke nema ba 'ya'yan itacen ba.

Ikilisiyar Katolika tana raba zunubi gida biyu, mai kai ga mutuwa da mai sauƙi, tana kafa hujja da 1 Yahaya 5:16-17. Kafin zunubi ya zama mai kai ga mutuwa sai abu uku sun haɗu: abin ya zama babba, mutum ya san laifi ne sarai, kuma ya yi da cikakken yardarsa. Mai sauƙin ba ya yanke mutum daga alherin Allah amma yana raunana ƙauna, in kuma aka bar shi ba tuba sai ya share hanya wa babba. Katekizim na 1992, wato littafin koyarwar Katolika, ya kawo maganar Agustin na Hippo a nan, cewa kada ka raina su don ba su da nauyi a sikeli, ka ji tsoron yawansu, don ɗigon ruwa ne yake cika kogi. Babban taron Lateran na huɗu a 1215 ya wajabta furta zunubi gaban fada, wato firist, aƙalla sau ɗaya a shekara. Masu sauƙin ba dole ne a kai su wurin fada ba amma ana ƙarfafa a yi.

Su kuma yawancin Furotestan ba su yarda da wannan rabon ba. Suna riƙe da Romawa 6:23 da Yakubu 2:10, cewa wanda ya karya doka ɗaya ya karya duka. Sai dai wannan ba ya nufin duk zunubai nauyinsu ɗaya, kamar yadda ake yawan ji a bakin matasa wai "ai zunubi zunubi ne". Gajeren Katekizim na Westminista na 1647 ya faɗi abu biyun tare, wasu zunubai sun fi wasu muni a gaban Allah, amma kowane ɗaya ya cancanci fushinsa. Yesu da kansa ya gaya wa Bilatus cewa wanda ya bashe shi ya fi shi zunubi, a Yahaya 19:11.

Kamannin da suke ɗauka a nan

Gulma ce ta fi kowanne iya sa kayan coci. An tashi daga taron Zumuntar Mata, ana naɗe tabarmi, sai wata ta matso ta rage murya ta ce, "Mama, don Allah mu sa 'yar'uwarmu a addu'a fa, ni dai ba na son in faɗa, amma maigidanta kwana uku ke nan bai kwana a gida ba." Mama ta ce, "Kai! Allah ya kyauta, wa ya gaya miki?" Daga nan an shiga bayani dalla-dalla, minti ashirin ana magana, addu'ar kuwa ko ba a yi ba ko an yi ta a jimla ɗaya, kuma kafin dare labarin ya shiga guruf na WhatsApp da hoton hannaye biyu a haɗe. Maza ma kada su yi dariya, tasu a ƙarƙashin bishiya bayan taron kwamiti ba ta fi wannan tsabta ba, sai dai su suna kiranta tattauna matsalar ikilisiya. Gwajin mai sauƙi ne: wanda ake gaya wa, yana da hannu a matsalar ko a maganinta? In babu ko ɗaya, Karin Magana 11:13 da Yakubu 3 sun riga sun ba abin suna.

Sai ƙaryar da ba ma jin ta a matsayin ƙarya. "Ga ni nan a Command" alhali mutum yana ɗaure da tawul a Ungwan Romi. Tela ya ce ranar Juma'a, ya kuma san ba zai taɓa yadin ba sai wani mako. Ma'aikaci ya sa hannu a rajistar ofis ƙarfe takwas ya iso goma. A kasuwa kuma akwai mudun saye da mudun sayarwa, da gwangwanin da aka buga wa gindi ya shige ciki, da tumatir manya a sama ruɓaɓɓu a ƙasa, abin da Maimaitawar Shari'a 25:13-16 da Karin Magana 11:1 suka hana ƙarara. Haɗa wayar wuta ta bayan mita, ƙara kuɗi a risit, kwasar adashe sannan a daina zubi, duk dangin juna ne. Zabura 37:21 ta ce mugu ne yake cin bashi ba ya biya, Littafin Firistoci 19:13 kuma ya hana kwana da ladan ɗan ƙodago, wanda ya shafi mai riƙe kuɗin 'yar aiki ko na birkila yana cewa gobe, gobe, ranar Lahadi kuma ya fita rawar baiko da sabuwar takardar kuɗi a hannu.

Ƙabilanci kuwa tsoho ne, tun a Ayyukan Manzanni 6 aka yi gunaguni kan rabon abincin gwauraye tsakanin masu jin Helenanci da Ibraniyawa, kuma a Galatiyawa 2 Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido don ya janye daga cin abinci da al'ummai. Majami'a ɗaya a Kaduna za ka tarar da Bajju, Atyap, Ham, Gbagyi, Adara da Hausawa suna waƙa daga littafi ɗaya, amma bari lokacin zaɓen dattawa ya zo, ko maganar aure, a nan ake jin "namu ne" da "ba namu ba". Akwai kuma wanda ya fi wuyar taɓawa. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 garin ya rabu, yawancin Kirista a kudancin kogin Kaduna, yawancin Musulmi a arewa, kuma mutane da yawa sun yi asarar da ba ta misaltuwa. Baƙin cikin gaskiya ne, neman adalci ma ba laifi ba ne. Amma ƙin mutum don sunansa kawai, da jin daɗi in masifa ta faɗa wa wancan ɓangaren, da koya wa yara raini, waɗannan ba su da mafaka a Matiyu 5:44, ko da kuwa ba wanda zai taɓa kai ka gaban dattawa a kansu.

Gunaguni da damuwa da hassada ba sa bukatar dogon bayani, duk mai buɗe Facebook da safe ya ga sabuwar motar abokin karatunsa ya san su.

Gane su da yaƙi da su

Matsalar farko ita ce mutum ba ya ganin nasa. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, Matiyu 7:3-5 ma maganar ke nan. Dauda ya ji labarin mai kuɗin da ya ƙwace 'yar tunkiyar talaka ya fusata, sai da Natan ya ce masa kai ne mutumin. Shi ya sa duk hanyoyin da ikilisiya ta gwada suna da abu biyu, bincike na kai da kuma idon wani.

Ignatiyus na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuwit, ya koyar da binciken zuciya na kullum: ka gode wa Allah, ka roƙi haske, ka bi ranar sa'a bayan sa'a, ka nemi gafara, ka ƙudura gyara. Yana kuma da wani na musamman inda ake ɗaukar hali guda ɗaya tak a bi shi har sai ya ragu. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, a 1738 ya tsara wa mabiyansa a Ingila ƙananan ƙungiyoyi da suke haɗuwa duk mako, maza dabam mata dabam, ana tambayar kowa wane zunubi ya san ya yi tun haɗuwar baya, wace jaraba ya fuskanta, yaya ya kuɓuta, da abin da ya yi wanda yake shakka ko zunubi ne. A farkawar Gabashin Afirka da ta taso daga Gahini a Ruwanda a shekarun 1930, "tafiya cikin haske" ta 1 Yahaya 1:7 ta sa mutane suna furta laifi a fili suna mayar da kayan da suka ɗauka, ko da yake furtawa a bainar jama'a ta jawo nata rigingimun, don wani lokaci asirin wasu ake tonawa da sunan shaida.

A aikace, "Ya Uba ka gafarta mana zunubanmu na sani da na rashin sani" addu'a ce mai kyau amma ba ta cire komai in an tsaya a nan. 1 Yahaya 1:9 tana maganar furtawa, furtawa kuma sai da suna, na yi ƙarya wa wane, na ɓata sunan wance. Sannan gyara. Zakka a Luka 19:8 ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu, Matiyu 5:23-24 kuma ta ce a ajiye baiko a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Mai gulma sai ta koma wurin waɗanda ta gaya wa, mai mudu biyu sai ya jefar da ɗaya. Afisawa 4:25-32 ba ta tsaya kan "bari" ba, kowane hali ta ba shi magaji, maƙaryaci ya faɗi gaskiya, ɓarawo ya yi aiki har ya ba wasu, mai ɗacin rai ya yafe. Kuma Romawa 8:13 ta ce ta wurin Ruhu ne ake kashe ayyukan jiki, ayar da wani malamin Ingila, John Owen, ya rubuta littafi guda a kanta a 1656, don haka ba gasar ƙarfin hali ba ce.

Inda ake wuce gona da iri

Ba duk abin da wani ba ya so ne zunubi ba. Romawa 14 ta bar wasu abubuwa ga lamirin mutum, kuma yawancin faɗan wando da ɗankwali da kitso a nan suka faɗa, ko da yake ikilisiyoyi sun bambanta a kai. Akwai kuma waswasi, inda mutum yake ganin zunubi a kowane tunani, ya furta abu ɗaya sau goma bai sami salama ba. Martin Luther ya sha wannan lokacin yana gidan sufaye, yana ɗaukar sa'o'i yana furta ƙananan abubuwa har mai sauraronsa Staupitz ya gaji da shi. 2 Korintiyawa 7:10 ta raba baƙin ciki irin na Allah mai kai ga tuba da irin na duniya mai kai ga mutuwa. Idan abin ya kai mutum ba ya barci, ba ya iya aiki, yana ta maimaita addu'a ɗaya don tsoron bai yi daidai ba, likitoci sun san shi a matsayin wani nau'in ciwon maimaita tunani kuma yana da magani, don haka bayan an ga Baba Fasto ko fada, ya kamata a ga likita, a Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa.